Tari da Sunan Baba

Yamai, ƙarshen watan Agusta

Zuwa ga taubashina Ɗanjimma, sarkin surutun Tungar Gawo,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da matarka Delu da ɗiyarku Ummul, ƴar tsohuwa. Ka gaishe mini da Kawu Magagi gaisuwa ta musamman, ka ce masa ƙanwarsa, Innata, tana nan da sauƙi, gwiwar ce dai ba ta barinta ta sake. Na so in kira ka, amma kullum sai a ce rezon waya na garinku bai dawo ba tun da iska ta kayar da ƙarfen. Shi ya sa na koma takarda kamar zamanin iyayenmu. Garba direba ya yarda ya riƙa ɗaukar mana ita tsakanin Yamai da tashar Filinge.

Ga abin da ya sa na rubuto. Aikin binciken da nake ciki a kan tarin fuka ya iso ƙasar Kurfai, kuma ana neman mutum ɗaya a kowane gari wanda ya iya karatu, mutane kuma suka saba da shi. Na ba da sunanka. Na ce bakinka ba ya hutawa, amma hannunka ba ya ɓata abu. Ka je asibitin Filinge ka nemi majo Abdulgafar, mai kula da sashen masu tari, zai ba ka wata salula ya koya maka aikinta.

Aikin ba wuya. Za ka bi gida gida, duk wanda ya manyanta, ko wanda tari ya daɗe a jikinsa, in ya yarda, sai ya yi tari a gaban salular ka ɗauka. Ranar kasuwa in ka shigo Filinge inda akwai rezo, tarin zai taho wurinmu da kansa. A nan muna da na'ura mai ƙirƙirarriyar basira. Kada sunan ya ruɗe ka, ba aljani ba ce. An jiyar da ita tarin dubban mutane waɗanda aka riga aka gwada kakinsu aka san masu ciwon da marasa shi, har ta fara gane bambancin da kunnen mutum ba ya kamawa. Ba ta yanke hukunci. Iyakarta ta ce a gwada kakin wane. Abin da muke bincike shi ne ko maganarta za ta yi daidai a kan mutanenmu, don tarin da ta koya yawanci na wasu ƙasashe ne. In ta ci jarrabawar, mutumin ƙauye ba sai ya rame ya ƙare ba kafin a gano shi.

Wanda ya ce ba ya so, ka bar shi, ba dole. Amma zan so ka fara da Kawu, don in mutane suka ga ya yi, sauran mai sauƙi ne. Kada ka bar salular a rana, kada ka ɗauki hoton awakinka da ita. Ka dai yi ƙoƙari kada ka ba ni kunya a garin uwata.

Taka,
Nafisa

Tungar Gawo, tsakiyar Satumba

Zuwa ga Nafisa, likitar da ba ta taɓa yi wa kowa allura ba,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta zo, mun ji daɗi. Muna lafiya. Hatsi ya fitar da kai, in Allah ya tsare mana shi daga tsuntsu bana ba laifi. Ummul ta fara haɗa magana, duk abin da ta ji sai ta maimaita. Delu ta ce a gaishe da Gwaggo, a ce mata ta riƙa shafa man shanu da ɗumi.

Na karɓo salularki. Mutanen gari sun raɗa mata suna Mai Kunne. Ranar farko babu wanda ya yi tarin kirki, dariya kawai na ɗauka. Mata su rufe baki da gyale su ce ai ba a yi wa baƙo tari a fuska. Tsoho Zaidu kuwa da aka ce ya yi, ya dage sai ya sa babbar riga tukuna. Yanzu dai an saba, har masu ƙoshin lafiya suna tare ni a hanya a ɗauki nasu.

Baba ne ya ba ni aiki. Na same shi a gindin aduwa yana gyaran igiya, na yi masa bayani kamar yadda kika yi mini. Ya saurara har na gama, sannan ya tambaye ni ina tarin yake zuwa in ya shiga ciki. Na ce Yamai. Ya ce daga Yamai fa? Na ce wannan sai Nafisa. Ya ce da sunansa zai tafi? Na ce lamba ake sa wa, sunan yana wurin majo kaɗai. Sai ya ce, "Lamba ma suna ta, in dai akwai wanda yas san mai ita. Abin da yah hito cikin jikina ba shi zuwa inda ban sani ba."

Kin san kawunki. Mutumin da in an yi masa aski yake tattara gashinsa ya binne da kansa, wanda ko farcensa ba ya bari a ƙasa, wanda yake share sawunsa in ya taka ƙofar gidan da bai yarda da shi ba. Shi ne mai riƙe da abin gadon gidanmu, ya ga abin da ya gani a hannun masu sammu. Ban ja da shi ba.

Amma fa mutane suna kallo. Tun ranar ake tambayata ko Magagi ya yi. Ni kuma maganarki tana cina, cewa kada in ba ki kunya a garin uwarki. Na ce to yaya za a yi a ce gidan da ya haifi uwar mai aikin shi ne babu a ciki? Sai na yi tunani. In an yi ɗaurin aure a Bonkuku, wa ke zuwa da sunan Baba? Ni. In maigari ya kira taro, ni ne bakinsa. Gayya ma ni nake riƙe masa hauya, kuma kowa ya ce Magagi ya zo. Tari ne zai gagare ni? Na zaga bayan rumbu, na sa sunansa da shekarunsa, na dangwala yatsana a gurbin nasa, na duƙa irin duƙawarsa na yi tarin tsofaffi mai kyau. Bai ma ba ni wuya ba, don ƙurar ramin zinariyar nan ta bara har yau ba ta gama fita daga maƙogwarona ba. Yanzu gidanmu ya shiga, Baba bai sani ba, kowa ya huta. Ke kaɗai na faɗa wa, sai ki gode mini.

Da an ɗaure hatsi an sa a rumbu zan koma arewa wurin zinariya. Abokan tafiya sun riga sun yi magana da mai babbar mota. Kafin nan zan gama miki sauran gidajen.

Naki,
Ɗanjimma

Yamai, farkon Oktoba

Ɗanjimma,

Gaisuwa mai yawa gare ku duka. Inna tana gaishe ku, kullum sai ta tambaye ni labarin damina, ni kuma ba ni da abin faɗa mata, don tun da na rubuto ban ga ko layi ɗaya daga gare ka ba. Na san kana aiki, tarin garinku yana shigowa. Yau ba wasa ya kawo ni ba.

Majo Abdulgafar ya kira ni. A ƙa'ida ni lamba nake gani, ba suna ba, amma ya san Kawu kawuna ne, kuma ya rasa yadda zai yi da shi. Na'urar ta ware tarin Kawu cikin waɗanda ya kamata a gwada da gaggawa. Majo ya aika a kira shi, Kawu ya mayar da amsa cewa shi bai yi wa kowa tari ba. Na san halinsa, in bai so abu ba sai ya ce bai faru ba.

Kada hankalinku ya tashi fiye da kima. Cikin waɗanda take warewa da yawa in an gwada sai a tarar ba su da komai. Amma tarin Kawu yana can sama sosai, ba irin wanda zan yi shiru a kansa ba ne. In ciwon ne, yana da magani, kyauta ake bayarwa, kuma ana warkewa sarai in an fara da wuri. In aka bar shi yana kisa, kuma kafin ya kashe sai ya raba wa mutanen gida.

Ka lallashe shi ka kai shi Filinge ya ba da kaki. Kafin nan ka ce wa Delu ta rage barin Ummul a ɗakinsa. Na san yarinyar ba ta sauka daga cinyarsa, amma ƙananan yara su ne ciwon ya fi yi wa illa. Ta zauna wurinku tukuna. Ban faɗa wa Inna ba, kai ma kada ka aiko da maganar ta bakin kowa.

Ka amsa mini da motar da ta kawo wannan.

Nafisa

Tungar Gawo, tsakiyar Oktoba

Zuwa ga Madam mai na'ura,

Muna lafiya, muna cikin girbi, ko zama ba ma samu. A gaishe da Gwaggo.

Na karanta takardarki a tashar Filinge na yi ta dariya har tari ya sarƙe ni. Na nemi Garba na ce ina wadda na ba shi tun Satumba? Ashe motarsa ce ta kwanta a Baleyara, ya bar ta wurin makanike, takardata na cikin aljihun ƙofa. Ya rantse yanzu zai haɗa miki da wannan. Ki fara karanta waccan, za ki gane.

Kawunki garau yake. Jiya shi ya ɗora wa amalanke dammuna yana yi wa samari gori. Tarin da na'urarki ta ji nawa ne, kuma na ƙarya ne, kwaikwayo na yi. Kin ga ke nan na iya aikina, tun da har Mai Kunne ta ɗauka tsoho ne zai mutu. Ki faɗa wa manyanki su ƙara mata karatu. In ɗan ƙauye a bayan rumbu zai ruɗe ta haka, ban san me za ta yi da ƴan birni ba.

Abu ɗaya ne bai yi mini daɗi ba. Saƙon majo ta bakin ƴan kasuwa ya zo, kafin yamma gari duk ya ji an kira Magagi asibitin masu tari. Yanzu masu zuwa gindin aduwa sun ragu, wanda ya zo ma nesa yake zama. Delu ita ma ta ji, ta ware masa kwano da moɗa, ta hana Ummul shiga wurinsa. Ban ce mata komai ba, don in na buɗe baki Baba zai ji, kin kuwa san abin da zai biyo baya. Ki sa majo ya aiko a ce kuskure ne, maganar ta mutu. Da na tafi arewa kowa zai manta.

Motarmu za ta tashi bayan kasuwar farko ta watan gobe. Me kike so in sayo miki, ɗan kunne ko zobe?

Naki,
Ɗanjimma

Yamai, ƙarshen Oktoba

Ɗanjimma,

Ina gaishe ku. Takardunka biyu sun zo tare, na karanta su a tsaye a tasha.

Da na ce kada ka ba ni kunya, wasan da muka saba ne, salular nake nufi kada ka yar a rijiya. A layin da ke samansa na ce wanda ba ya so a bar shi. Kawu ya ce ba ya so, kuma yana da gaskiyarsa, jikinsa ne. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma wannan faɗan zai jira.

Ka ce tarin ƙarya ka yi. Ɗanjimma, duk wanda ya yi tari a gaban salular nan tarin ganganci ya yi. Zaidu da babbar rigarsa, ai ba tari ne ya zo masa ba, cewa ka yi ya yi. Waɗanda na'urar ta koya a kansu ma haka aka yi musu. Ba muryar tsufa take saurare ba, ba ta san ka duƙa ko ka miƙe ba. Yadda iska ke fitowa daga ƙirji take ji, shi kuwa ƙirjin naka ne. Ba zan ce maka ba ta kuskure ba, tana yi, shi ya sa muke binciken. Amma da hannunka ka rubuta mini cewa tun bara ƙurar rami ba ta bar maƙogwaronka ba, kuma dariya ma tari take kawo maka. Tarin da ya shekara ba ƙura ba ce kawai. A ramukan nan, inda ake kwana a cunkushe, nan ciwon ya fi yawo.

Abin da ya fi damuna, ni na ce a ɗauke Ummul daga ɗakin Kawu a mayar da ita naku. Tun da na gane haka ban samu natsuwa ba.

Ba zan sa majo ya ce kuskure ne a rufe maganar ba. Na faɗa wa shugabar aikinmu abin da ya faru, don ba zan bar tarin wani a kan sunan wani ba, in an yi haka ƙarya na'urar za ta koya. Ta ce a cire sunan Kawu, kai kuma ka mayar wa majo salular. Na san za ka ji haushina. Ka ji, amma ranar da ka kai ta ka ba da kakinka, ka tafi da Delu da Ummul a duba su. Kada ka hau motar nan kafin sakamako ya fito. A can babu majo, babu magani, kuma babu wanda zai aiko mana in ka kwanta.

Ba na son ɗan kunne.

Nafisa

Tungar Gawo, farkon Nuwamba

Zuwa ga Yaya Nafisa,

Sallama da gaisuwa. Ni ce Delu matar Ɗanjimma. Ki yi haƙuri da rubutuna, na yaƙi da jahilci ne. Ina gaishe da Gwaggo da jiki.

Shi ba zai amsa miki ba. Da ya dawo kasuwa da takardarki ya jefa ta kan gado ya ce kin kai shi ƙara wurin manyanki, kin zubar masa da girma, ya aika salular ta hannun wani, shi bai je ba. Ya ce lafiyarsa lau. Da ya fita na ga sunana da na Ummul a ciki, shi ya sa na karanta. Allah ya yafe mini.

Yaya, ba lafiyarsa lau ba. Tun kafin damina nake shanya tabarmarsa kowace safiya saboda zufa. Wandonsa na rage masa ƙugu da hannuna. Tuwon da yake cinyewa da, yanzu rabi yake bari ya ce zafi ne. In ya yi tari yana juya baya ya tofar ya rufe da ƙafa. Ni duk na ɗauka gajiyar noma ce, ga shi an ce ciwon yana wurin tsoho, sai na sa ido a can. Na raba tsoho da jikarsa, na ware masa kwano kamar baƙo. Bai taɓa ce mini don me ba. Sai dai in Ummul ta yi kuka tana miƙa masa hannu ya tashi ya bar gidan.

Na yi wa maigidan magana ya ce in na ƙara zai tafi tun kafin ranar motar. Jakarsa a ɗaure take. Na rasa wanda zai tsayar da shi in ba mahaifinsa ba, ni kuma kin sani ba na iya tsayawa gaban surukina in yi magana, tun da aka kawo ni gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ita ma a durƙushe.

Sai na yi yadda mata ke yi. Da hantsi tsoho yana zaune bayan zana yana jiƙa kaba, na ɗauko Ummul na zaunar da ita a bakin turmi daidai inda zai ji. Na yi kamar ina mata kitso, na ba ta labarin duka da ƙarfi. Na ce Ummul, kin ga babanki ya ɓuya ya yi tari da sunan kakanki. Na ce abin Yamai ya ji ciwo a tarin, gwaggonki Nafisa ta ce ƙirjin babanki ne, shi kuma zai hau mota ya tafi da shi rami. Na ce kakanki ba shi da komai, banza muka raba ku. Ita tana ta maimaita rami, rami, ba ta san me nake cewa ba.

Na ji motsin kabar ya tsaya. Can ya yi gyaran murya ya ce, ba da ni ba, da yarinyar, "Ummul, taho nan." Na sake ta ta ruga.

Har yanzu bai ce wa ɗansa komai ba. Jibi ne kasuwa, motar kuma washegari. Ban san abin da zai yi ba, ina jin tsoro. Zan ba matar maƙwabcinmu wannan ta kai wa Garba. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Delu

Tungar Gawo, ƙarshen Nuwamba

Zuwa ga taubashiyata Nafisa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da Gwaggo. Takardunki da kika aiko a jere duk sun zo, Delu ta ajiye su. Na san majo ya riga ya faɗa miki sakamakon, amma bai san yadda aka yi na je ba.

Ranar kasuwa da sassafe na fito na tarar Baba ya ɗaura wa jaki amalanke da kansa, yana zaune a kai, jakata tana ƙarƙashinsa. Delu da Ummul suna baya. Na ce Baba ina zuwa? Ya ce, "Likita ta kira Magagi. Tunda kai aw wakilina, taho ka ga yadda za ni amsawa." Ya kaɗa jaki muka kama hanyar Filinge. Na gwammace ya zage ni.

Da muka shiga, majo ya yi masa bayani cewa an gano ba tarinsa ba ne, an cire sunansa, ba sai ya ba da komai ba. Ya miƙo mini ɗan gwangwanin roba. Ni kuma, kin san ni, na fara surutu. Na ce majo ai wasa ne ya yi yawa, ga mota tana jirana gobe, in na dawo da rani sai a duba. Ina cikin magana Baba ya miƙa hannu ya karɓi gwangwanin. Ya juya shi yana dubawa, ya tambayi majo ko za a rubuta suna a jiki. Majo ya ce dole. Ya ce a rubuta nasa. Ya fita bayan ɗaki, muna jinsa yana ta ƙoƙari, don shi ba tari gare shi ba. Ya dawo ya ajiye a teburin majo da sunansa a jiki.

Ya dube ni ya ce, "Ni na ba da nawa ga mutanen da ban sani ba. Kai mi kaka tsoro?"

Na karɓi nawa gwangwanin.

Na Baba babu komai. Nawa akwai, majo ya ce ya fara cin wuri amma an tare shi a kan lokaci. Delu lafiya. Ummul ma ba a ga ciwon ba, amma an ɗora ta kan maganin kariya, kullum sai an yi kokawa kafin ta sha. In na tuna watan da ta yi tana kwana a ƙirjina, alhali na san kakanta ba shi da komai, sai in rasa inda zan sa kaina. Motar ta tafi ba ni. Yanzu ni ne a ɗakin zaure, taga a buɗe, ita kuma ta koma cinyar kakanta. Masu zama gindin aduwa sun dawo. Zaidu yana ta ba da labari cewa Mai Kunne ta gane ɗa a cikin rigar ubansa, har mutanen wasu garuruwa suna tambaya yaushe za a kawo musu ita. Kada ki kumbura, sau ɗaya ne ta ci.

Baba ya ce in tambaye ki abu ɗaya, kuma ki faɗi gaskiya. Kakinsa da aka gwada, an ƙone shi ko yana ajiye? Majo ya ce masa ana ƙonewa, amma ya fi son ya ji daga bakin ɗiyar ƙanwarsa. Ya tambaye ni ya fi a ƙirga. Ki bincika da kyau ki rubuto masa da sunansa, ni zan karanta masa.

Maganin wata shida ne, ba a tsallake rana. Majo ya ce sai an sami wani a gida da zai riƙa tsayawa ya ga an sha, na ce Delu, Baba ya ce shi. Ƙwayoyin suna cikin burgamin da yake ajiye kayan gadonsa, ba mai taɓawa. Kowace safiya kafin in karya sai in ji takunsa. Ya zuba mini su a tafin hannu, ya miƙo ruwa, ya tsaya a kaina har in haɗiye in buɗe baki ya duba. Shekaranjiya na ce masa Baba ai ni ba yaro ba ne, ya bar mini su zan sha da kaina. Ya ce, "Haɗiye ina gani. Wanga ba a yi ma wani."

Ki gaishe da Gwaggo, yanzu kina iya faɗa mata.

Naki,
Ɗanjimma